Don Allah ku bar yaran nan mata su shiga gayid

Shekaranjiya da la'asar wani abu ya faru a layinmu, har yanzu bai bar raina ba, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta ko zan samu sauƙi. Yaron maƙociyata ne, bai fi shekara uku ba, uwar ta sauke ruwan zafi zata dama kunu, ta juya ɗauko gasara kenan ya jawo tukunyar, ruwan ya kwaranyo masa daga kafaɗa har ƙirji. Ihun da yaron ya yi wallahi har cikin ɗakina. Kafin kace kwabo gidan ya cika da mata, kowa da maganinta a baki, wannan tace a fasa ƙwai a shafa, waccan tace man goge baki, wata ta ruga ɗauko manja, wata dattijuwa tace gishiri, uwar kuwa ta ɗora hannu aka sai salati take ta kasa komai.

Wata yarinya ce 'yar aji uku na ƙaramar sakandare, ɗiyar masu haya a gidan gaba, ta ratso mu bata ce da kowa komai ba ta sunkuci yaron ta kai shi bakin rijiya, ta zare masa riga tun bata manne ba, tace da ƙanwarta ki dinga miƙo min ruwa kar ki tsaya. Ta dinga kwarara masa ruwa mai sanyi a hankali. Dattijuwar nan ta hau ta da faɗa, ke yarinya zaki sa ya yi bororo, yarinyar tace Inna ki yi haƙuri, minti ashirin ake yi, kuma kar a sa ƙanƙara kar a shafa komai. Muryarta na rawa amma hannunta bai tsaya ba. Da lokacin ya cika ta sa aka kawo sabuwar leda mai tsabta ta rufa wa wurin sama-sama, sannan aka tare adaidaita. A asibiti nas ɗin da ta karɓe mu tambayar farko da ta yi ita ce me kuka shafa masa, muka ce ba komai ruwa kawai, tace to Allah ya taimake ku, da kun zo min da shi da manja da sai na kankare shi tukuna yaron yana ihu.

A hanyar dawowa na tambayi yarinyar, ke a ina kika koyi wannan? Tace gayid, Anti. Duk ranar Laraba bayan an tashi.

Idona sai da ya kawo ruwa, domin nima 'yar gayid ce a zamanina, a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma rabon da in ji wani ya ambaci sunan Girl Guides, wato ƙungiyar sikawut ta 'yan mata, a unguwarmu har na manta. Na ɗauka abun ya mutu gaba ɗaya.

Waɗanda basu sani ba suna ɗauka fareti ne kawai da shuɗin yunifom da ɗaura ƙyalle a wuya. To ni bari in faɗa muku abinda muka yi. An raba mu rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugabarsa a cikinmu, yarinya kamarki, kuma idan rukuninku ya yi shirme ita za a kira. Nan na fara sanin nauyin ace wasu na jiran ki yanke shawara. Idan an yi sansani, a filin bayan ɗakin kwana muke yi ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, malamarmu zata ba kowane rukuni tsinken ashana biyu kacal tace ku dafa abincin rana. Biyu fa. Idan kika yi gaggawa kika ƙyasta kafin ki tara ƙirare da busasshiyar ciyawa, kafin ki duba ta ina iska ke kaɗawa ki juya bakin murhu, shikenan kin sa mutum bakwai zaman yunwa. Mun koyi haƙa rami ɗaya na shara ɗaya na ruwan wanke-wanke nesa da inda ake girki, mun koyi haɗa ragayar kwanuka da kara da igiya ba ƙusa ko ɗaya, mun koyi ƙulli kala-kala, akwai wanda ake ɗaure bandeji da shi saboda yana kwanciya baya danne ciwo, akwai na zarge wanda baya shaƙewa ko an ja, wanda zaki jefa wa mutum idan ya faɗa rijiya ko ruwa ya ja shi. Da daddare a kashe fitila a kwanta a kan tabarma malama na nuna mana taurari, ga kaza da 'ya'yanta, ga zara kusa da wata, da asuba ga gamzaki, ta inda zaki gane gabas ko kin ɓace a inda baki sani ba, kin ga alƙibla ta samu kenan. Usur ɗinta na rataye a wuya, busa ɗaya kowa ta yi tsit. Da zamu tashi kuwa dole a bar filin kamar ba a taɓa zama ba, ko tokar murhu sai an binne.

Sai taimakon gaggawa, wanda shi ne ya fi zama min a kai. Mai haɓo ba a ɗaga masa kai sama, sunkuyar da shi ake a matse hancin kamar minti goma. Yaro mai jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe a kawar da abinda zai buge shi. Mai ya kama da wuta a kasko ba a watsa ruwa, murfi ake kifawa. Saran maciji ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti, mutanen Kaltungo da ke fama da kububuwa sun fi kowa sanin wannan. Gudawa kuma, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku duba lissafin nan da kyau ku gaya min, waye yake gida lokacin da irin waɗannan abubuwa ke faruwa? Maigida yana kasuwa ko ofis. Mace ce a gida, ita ce a bakin wuta, ita ce da yara. Amma ita ce muka ce bata buƙatar wannan ilimin.

Nasan abinda wasu zasu ce, abun Turawa ne. Eh, daga Ingila ya fito, bana musu. Baden-Powell da ya kafa sikawut sojan mulkin mallaka ne, har yaƙin Asante ya je a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, wannan ba ɓoyayyen abu bane. Shi ma ɗin da farko samari ya yi wa abunsa. A 1909 ne da aka yi babban taron 'yan sikawut a Crystal Palace a Landan wasu 'yan mata suka bayyana ba wanda ya gayyace su, suka ce suma a yi da su, shi ne a 1910 aka kafa ta mata aka damƙa wa ƙanwarsa Agnes. Wannan ɓangaren labarin yana burge ni, yaran ne da kansu suka nema. Ta iso Najeriya a 1919 ta Legas, daga baya irin su Lady Oyinkan Abayomi suka riƙe ta har ta zama hannun 'yan ƙasa. An kafa ƙungiyar duniya a 1928, yau tana ƙasashe sama da 150, ciki har da Masar da Sudan da Pakistan da Malesiya, kuma yaransu da hijabinsu suke yi ba wanda ya ce su cire. Duk 22 ga Fabrairu suke ranar tunawa da juna.

Amma ni abinda yake min ciwo shi ne yadda muke manta namu. Rufaida Al-Aslamiyya ba tanti gare ta a Madina ba inda take jinyar waɗanda aka ji wa rauni, har Sa'ad bin Mu'az can aka kai shi bayan yaƙin Khandaƙ? Nana Asma'u 'yar Shehu ba ita ta tsara 'yan taru ba, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji ta ɗora masu malfa, suna taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye da ayarin mata suna koyo suna koyarwa? Rukuni ne da shugaba da alama da horo, me ya rage? Kakata da bata taɓa shiga aji ba ta iya ƙulla guga yadda bazai kwance a rijiya ba, ta iya hura wuta da jiƙaƙƙen ice tsakiyar damina, ta iya ɗaure dami ta ɗora a gammo ta yi tafiyar awa biyu. Aikin gayya kuma ba Bature ya koya mana ba. Mu 'yan birni mun saki wancan na kakanni, bamu kama na zamani ba, yarinya ta kai shekara sha shida gas ya ƙare a gida sai dai a zauna a jira mai kawowa, ita kuma tana kwance da waya. Ba laifinta bane, mu muka rufe ta a ɗaki muka ce wannan ita ce tarbiyya.

Maganar gaisawa da hannun hagu da suke yi, in ita ce matsalar a bari mana, ba ita ce gayid ɗin ba. Yunifom ma a ɗinka dogo har ƙasa a sa hijabi, malamai mata su jagoranta, lokacin sallah a tsaya a yi sallah. Duk abu ne mai sauƙi in ana so.

Wadda bazan raina ba ita ce maganar tsaro, domin nima uwa ce. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, duk wanda ya zo yace min in ba shi 'yata ya kai ta kwana a daji wallahi bazan bayar ba, kuma bazan ga laifin uban da ya hana ba. Amma waye yace sai an je daji? Mu ma a cikin katangar makaranta muka yi namu. A yi da rana, a fara da safe ranar Asabar a tashi kafin magariba, a harabar makaranta ko Islamiyya, iyaye mata biyu uku su zo su zauna su gani da idonsu. Kuma a wannan hali da muke ciki ne ma yarinya ta fi buƙatar ta san yadda ake tsayar da jini, yadda ake nutsuwa lokacin da kowa ya rikice, yadda zata riƙe hannun ƙananan ta ƙirga su. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, duk mun ga hotunan mata da jarirai a sansanoni. 'Yan agajinmu na masallatai Allah ya saka masu, suna ƙoƙari sosai, amma yawanci maza ne, kuma akwai abinda mace mai jego ko budurwa mai al'ada bazata taɓa buɗe baki ta gaya wa namiji ba ko zata mutu. Wa zai shiga wajenta?

Su ma makarantun ina da magana da su, don su suka kashe abun da hannunsu. A wurare da yawa gayid ta koma a karɓi kuɗin yunifom, a yi ta atisayen fareti sati biyu saboda 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, ko kuma a jera yara cikin rana tun ƙarfe tara suna jiran wani babba da bazai iso ba sai azahar, su sara masa ya wuce ko kallonsu bai yi ba. Na taɓa ganin yarinya ta yanke jiki ta faɗi a irin wannan layin, duk 'yan uwanta masu ƙyalle a wuya suka tsaya cirko-cirko ba wadda ta san ta kai ta inuwa ta ɗaga mata ƙafa. Idan uba ya ga haka yace 'yarsa bazata shiga ba, me zaki ce masa? Ɗiyar talaka kuma da bata da kuɗin ɗinki an riga an cire ta tun a bakin ƙofa, alhali ƙyallen wuya kaɗai ya isa a fara, igiya da kara da ashana nawa suke?

Mu a lokacinmu alƙawari muke ɗauka cewa kullum sai kin yi wa wani aikin alheri ko guda ɗaya, ba don a biya ki ba, kuma da daddare shugabar rukuni zata tambaye ki yau me kika yi. Ƙarshen wata mu je asibitin garin mu share ɗakin mata, mu ɗebo wa masu jinya ruwa, mu yi wa tsofaffin da basu da kowa kitso. Akwai wata tsohuwa da na taɓa yanke wa farce, ta riƙe hannuna ta daɗe tana sa min albarka, har yau idan na shiga wani hali sai in tuna da addu'arta.

Jiya na je makarantar su 'yata na samu shugabar, na ce mata in zata bamu aji ɗaya da filin baya duk Alhamis bayan la'asar ni zan dinga zuwa kyauta. Tace in kawo maganar taron iyaye ranar Asabar. Iyaye mata 'yan uwana da ke cikin garin nan, duk wadda ta taɓa yin gayid ko Red Cross, ko nas ce ko ungozoma, ta yi min magana ta akwatin saƙo, ko awa ɗaya ce a wata zaki iya bamu muna so. Iyayenmu maza kuma don Allah in takardar neman izini ta zo gida ku karanta kafin ku ce a'a, in kuna da shakka ku turo uwar ta zo ta gani.

Yaron an sallamo shi ɗazu da safe, fatar ta ɗan saɓule a kafaɗa amma likita yace bai shiga ciki ba. Yarinyar tana can gidan yanzu haka, ta zo duba shi da yunifom ɗin makaranta ko gida bata shiga ba, dattijuwar da ta yi mata faɗa ce ma ta shimfiɗa mata tabarma.