Lambun gida ba ya ƙarewa da damina

Da ruwa ya fara janyewa a Satumba sai ka ji ana cewa lambun gida ya ƙare, sai baɗi. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, ko da yake masu faɗinta na da hujja: masara da kuɓewa damina suke so. Amma tumatir, latas, kabeji da karas sun fi jin daɗin sanyin hunturu. Laimar Agusta kan jawo wa tumatir cutar ganye, zafin bazara kuma ya kakkaɓe masa fure. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura a Kano suke noma shi da rani.

A gida, sai a yafa irin tumatir a Oktoba cikin tsohon bokitin da aka huda gindinsa, a dasa bayan mako huɗu, a riƙa ban ruwa safe da yamma.