Kada Ku Yi Burin Haɗuwa da Abokan Gaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa, musamman iyaye.

Daren jiya bayan Isha'i ina zaune a falon ƙanena a nan Jidda. Ɗansa mai shekara 12 yana kwance a kujera, ya ƙure ƙarar waya yana buga PUBG. Can sai ya yi zumbur yana ihu, "Na kashe shi! Saura mutum uku!" 'Yata ƙarama, wadda muka fito da ita daga Khartum, da jin ƙarar harbin sai ta saki kofin shayi, ta shige ƙarƙashin tebur, ta rufe kanta da hannu biyu, kamar yadda muka koya mata ta riƙa yi idan dana, wato harsashin igwa, ta faɗo kusa da gida. Yaron ya tsaya yana kallonta, bai gane abin da ya faru ba. Kuma wallahi ban ga laifinsa ba. A Jidda aka haife shi, bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a waya.

Ga wanda bai san wasan ba: ana sauke mutum 100 daga jirgin sama a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, a yi ta kashe juna har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Wanda ka harbe, ka je ka kwashe kayansa. In an kashe ka, ka danna ka sake shiga. Free Fire ma haka take. Abin ya wuce wasan yara, tunda a 2024 an yi gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad, kyautar da aka sa ta haura dala miliyan 60. To ina yaro zai ga aibinsa?

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, 24 ga Ramadan, muna shirin ɗinkin Sallah, aka wayi gari da harbi a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, wato rundunar ɗaukin gaggawa. Ruwan famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke. Maƙwabcinmu, dattijo mai ciwon suga, ba harsashi ne ya kashe shi ba, maganinsa ne ya ƙare. A tsakar gidansa muka binne shi, mu biyar, muna sauri, don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Muka gudu Madani, a Disamba yaƙin ya iske mu can, muka sake ɗaukar yara zuwa Gadarif. Na ga mutanen da a da suke ciyar da unguwa sun tsaya a layin takiyya, wato wurin rabon abincin sadaka, da kwano a hannu suna jiran adas, wani ɗan ƙaramin wake. Sama da mutum miliyan 10 ne suka bar gidajensu. Wannan ne yaƙi, kuma shi ne wayar ba ta nunawa.

Fim ma haka. Jarumi zai zubar da mutum hamsin, kiɗa na tashi, mai kallo na jin daɗi. Ba za a taɓa kai ka gidan ɗaya daga cikin hamsin ɗin ka ga matarsa tana takaba ba. Na san akwai marubuta da masu fim da suke nuna yaƙi da ainihin fuskarsa, ka gama karatu ko kallo zuciyarka ta yi sanyi, kana neman tsari. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan wanda ke sa matashi ya tashi yana jin ina ma a ba shi bindiga.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya tsaya a Badar, aka ji masa rauni a fuska a Uhudu, shi ne ya ce: "Kada ku yi burin haɗuwa da abokan gaba, ku roƙi Allah lafiya, idan kuma kun haɗu da su ku yi haƙuri." Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ku duba wanda ya faɗa, ku duba kuma waɗanda aka faɗa wa. Sahabbai ne, mafi jaruntakar mutane, amma aka hana su ko da sha'awar abin a zuci. A Suratul Baƙara, aya ta 216, da Allah Ya wajabta musu yaƙi, cewa Ya yi abin ƙi ne a gare su. A ruwayar Muslim kuwa, wanda ya nuna ɗan uwansa da ƙarfe, mala'iku suna tsine masa har ya bari, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nuni kawai, ba sara ba. Ranar Alƙiyama kuma, farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane shi ne jini.

Ni ba malami ba ne, ba na ce muku wasa haramun ne. Habashawa sun yi wasan mashi a masallacin Annabi, Nana A'isha tana kallo, bai hana ba. Hukunci a bar wa malamai. Abin da nake tsoro shi ne bakin da ya saba da "na kashe shi" sau ɗari a dare yana dariya, har kalmar ta daina nauyi. A shingayen hanya na ga yara da ba su fi 16 ba, bindiga ta kusa kai tsayinsu, suna ɗaukar kansu bidiyo.

Ƙwace waya kawai ba zai yi ba, zai je ta abokinsa. Ku zauna kusa da shi ku ga abin da yake bugawa. Ku sa masa lokaci, kada wasa ya ci sallah ko barci. Ku karanta masa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, tana cikin Muwaɗɗa: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini. Mu mutanen Sudan da ke nan, kada mu ɓoye musu abin da muka gani. Dattawanmu a garin Mai Wurno na Sudan ba su ɓoye mana yaƙin Burmi da Turawa na 1903 ba, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa har bakin Nilu. Idan suna ba da labarin, muryarsu rawa take yi.

Bayan na lallashi 'yata ta fito, sai na kira yaron na ce, "Zo nan ɗana, zauna." Na ba shi labarin dattijon nan da yadda muka haƙa kabarinsa da shebur ɗaya. Ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, jikokinsa fa, suna ina?" Na ce masa tun Madani rabona da su, har yau ina cigiya. Allah Ya jiƙansa, Ya sada mu da su cikin aminci.