Ga 'Yan'uwa Masu Idon Roba A Legas

Matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12, wanda aka cire wa ido aka sa masa na roba, ko yake da ɗan'uwa mai irinsa, ya tsaya ya ji.

Bayan tiyata likita kan sa wata 'yar roba mai haske ta riƙe gurbin. Sai an yi mako 6 zuwa 8, kumburi ya saɓe, ake auna idon dindindin. Kar ka cire ta don ta dame ka. Gurbin da aka bari wayam tsukewa yake yi, daga baya idon ya ƙi zama.

Wajen wanki ake yawan ɓarna. Wanke hannunka, ka shimfiɗa tawul a kan tebur, ba a tsugune bakin kwata ba. Ja fatar idon ta ƙasa da yatsa, idon zai zamo da kansa. Ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi sun isa, sai ɗauraya sosai. Ban da sifirit, ban da sanitaiza, ban da tafasasshen ruwa. Suna cinye santsin robar ta koma tana kartar fata. Kuma ba kullum ake cirewa ba, da shi ake kwana. Yawan cirewa da mayarwa ƙara kwantsa yake yi. In za ka goge, rufe idon ka shafa zuwa wajen hanci, don in ka yi wajen kunne zai iya juyewa, ko ya faɗo maka a cikin danfo.

'Yar farar kwantsa ba komai ba ce, balle da ƙurar titi da iskar fanka, maganin ɗigawa mai jiƙa ido yana ragewa. Kwalli dai a haƙura da shi. Amma in kwantsar ta koma rawaya ko kore, ga zafi ga kumburi, kar a tsaya wajen mai kemis, a nufi sashen ido na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. A kai idon robar wajen masu yin sa a goge shi ya yi santsi aƙalla sau ɗaya a shekara, a canza bayan kamar shekara 5. Na yaro ba ya kai haka, tunda fuskarsa girma take yi.

Sai ɗayan idon, wanda da yawanku ke wasa da shi. Masu walda, masu niƙa da masu faskare, tabarau marar fashewa dole ne ko da kana gani garau. Ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, saboda haka kafin ka tsallaka titi juya kanka gaba ɗaya zuwa ɓangaren robar, ka duba sau biyu.