Matar da ke tarhil tana da suna

Duk mako hukumomin Saudiyya kan fitar da adadin mutanen da aka kama ba su da takardun zama. Dubbai ne, kuma mu mazauna Jidda mun saba da su har ba ma tsayawa karantawa. Cikin dubban nan akwai wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru tana sayar mana da fura da ɗanwake a bakin lungunmu. Wata safiya aka wayi gari babu ita, babu kwanukanta. "An kwashe ta, tana tarhil," shi ne duk abin da aka ce, wato tana inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasarsu, kowa ya kama gabansa.

A nan sunanta mai laifin zama babu igama, wato takardar izinin zama. A Kano kuma takari ce, kalmar da ake furtawa ana taɓe baki. Tsakanin sunayen nan biyu mutum guda ta ɓace.

Wannan ne ya sa nake ganin muna bukatar finafinan dokumentari a kan irin waɗannan mata, da Hausa, kuma daga hannun mutanenmu. Labarin rediyo minti biyu ne, ya ce an dawo da mutum kaza daga Jidda, ya wuce. Dokumentari kuwa zama yake yi. Yakan bar kyamara a kan fuskar mace har ta gama shirunta, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta faɗi yadda aka sayar da gonar gado aka biya ejan, yadda aka ce mata aikatau ne na shekara biyu, yadda uwar ɗakinta ta riƙe fasfo da albashin wata shida. Ranar da ta gudu, kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin bizarta, ya kai rahoton hurub, cewa ta tsere daga aiki, ita da ta shigo ta halal ta koma abin farauta. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021, wanda ya sassauta wa ma'aikata canza wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida ba. Wanda ya zauna awa guda yana sauraron wannan, da wuya bakinsa ya sake iya cewa "su suka so".

Mun ga aikin da fuska take yi. A 2019 wata ɗaliba 'yar Kano da aka tsare a Madina kan ƙwayoyin da aka cusa cikin kaya da sunanta ta kuɓuta, bayan hotonta ya karaɗe wayoyi kuma bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano ya tona asirin masu aikin. Matsalarta daban ce, na sani. Amma an san sunanta, an ga mahaifinta, shi ya sa ƙasa ta motsa. Haka a 2020, hotunan da Habashawan da ke tsare a Saudiyya suka fitar ta wayar salula su suka sa duniya ta waiwayi halin da suke ciki.

Wani zai ce, to ai doka ta karya. Gaskiya ne, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Fim na ƙwarai ba zai ɓoye cewa wata da bizar Umara ta shigo ta maƙale da gangan ba. Zai dai ƙara da abin da takardar kamu ba ta ɗauke da shi: marayu huɗu a Kurna da kuɗin makarantarsu ke fitowa daga wankin kwanukan wani gida a Makka. Akwai ma waɗanda a nan aka haife su, a Karantina ko Shara Mansur, jikokin mahajjatan da suka keto Sudan da ƙafa suka haye Bahar Maliya. Ana iya sauke irin wannan a Kano ba ta san ko titi ɗaya ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne mutuncinta. Ba a shiga cibiyar tarhil ta Shumaisi, wadda ke tsakanin Jidda da Makka, da kyamara, don haka yawancin aikin sai bayan ta koma gida. Can kuma akwai dangin miji, akwai 'ya mace da ake neman aure. Mai ɗaukar fim ya gaya mata ƙarara inda hoton zai je, ya yarda in ta ce a rufe fuska, ya cire abin da ta faɗa cikin kuka ta dawo ta yi nadama. Muryarta kaɗai da hannayenta da omo ya cinye sun isa shaida.

Tun 2021 Jidda take karɓar bikin finafinai na Bahar Maliya, Kano kuma cike take da matasan da suka iya kyamara. Mai furarmu dai an ce an sauke ta gida bayan wata biyu. Tukunyarta na nan wurin maƙwabciya, tana jiran wanda zai tafi da ita.