Ba a sayar da gwiwa a kasuwar Taminus ta Jos

Jiya da la'asar na tsaya kallon wasan kusa da na ƙarshe na kofin unguwa a filin firamaren nan ta bayan layinmu, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Akwai wani ƙanenmu mai buga lamba 7, yaro ne mai gudu kamar barewa, sati uku da suka wuce aka taka masa idon sawu ƙafar ta kumbura suntum, ranar Juma'ar nan ma da idona na gan shi yana ɗingishi zuwa masallaci. Jiya sai ga shi a bakin fili yana naɗe ƙafa da bandeji, ya lafta man zafi har warin na hawa kai, ya ɓalli ƙwaya biyu ya kora da fiya wata, abokai sun zagaye shi ana ta sai kai, in ba ka ba wasa. Na matsa na ce kai, ƙafar nan ta warke kuwa? Ya ce Yaya ai da sauƙi, in jini ya ɗau zafi shikenan. Ko kwata ba a yi ba ya zo zai yanke da ƙwallo, babu wanda ya taɓa shi, ƙafar ta lanƙwashe ya zube yana dukan ƙasa da hannu. A keke aka kwashe shi, masu zugar nan ko ɗaya bai bi shi ba, kafin keken ya fita layi har an sa wani a gurbinsa.

Wannan "da sauƙi" ɗin ita ke cinye mana yara. Ƙannena, tafiyar zafi daban warkewa daban. Jijiyar da ta yage a hankali take haɗewa, sabon naman da ya fito kuma ɗanye ne bai yi ƙwari ba, zafi yana riga ƙarfi tafiya, sai ka ji kamar ka warke alhali abin a lallaɓe yake. Ƙwayar da ka sha ba ɗinki take yi ba, bakin ciwon kawai ta toshe don kar ya gaya maka gaskiya, an ce jiki magayi, to kai ka kama magayin ka rufe masa baki ka shiga fili. Filin ma wane iri, jar ƙasar Jos mai tauri da tsakuwa da ramuka wadda mai lafiya ma sai ya yi da gaske.

Ku da kuke kwana gidan kallo kun fi ni sanin Ronaldo na Burazil. A watan Nuwamba 1999 ya ji ciwo a gwiwa yana Inter Milan, aka yi masa aiki, ya dawo ranar 12 ga Afrilu 2000 a fainal ɗin kofin Italiya da Lazio, ko minti goma bai yi ba jijiyar gwiwar ta tsinke gaba ɗaya, kakar da ta biyo baya ko wasa ɗaya bai buga ba. Diego Costa na Atletico Madrid kuma a 2014 da ciwon cinyarsa ya garzaya har Sabiya aka yi masa magani da mabiyiyar goɗiya don dai kar fainal ɗin zakarun Turai ya wuce shi, minti 9 ya yi aka cire shi, Atletico ta yi asarar canji ɗaya a banza, Real Madrid ta ci 4 da 1. Waɗannan fa masu likitoci ne da na'urori da albashin da ba ya tsayawa ko suna kwance. Kai wa gare ka? Mamanka da ke sayar da awara a ƙofar gida ita za a bari da kuɗin hoton ƙashi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Na san abin da za ku ce, wai akwai ejan, wato dillalin 'yan wasa, da zai zo kallo, in ban buga ba wani zai karɓe min lamba. Wane ejan? Rabinsu 'yan damfara ne, su karɓi kuɗin fam da na biza su kashe waya, na gaskiyar kuma ba ya sayen gurgu, kulob ɗin kirki sai likita ya duba ka kafin ka sa hannu. Ku kuma kococin unguwa ku ji tsoron Allah, saboda kofin gwangwani da rago ɗaya za ka tura ɗan mutane fili da ƙafa ɗaya, wani ma yaro ya yi karo da kai ya tashi yana layi ido ya juye, a watsa masa ruwa a ce koma kai namiji ne. Kramer na Jamus a fainal ɗin kofin duniya na 2014 bayan an buge shi a ka sai da ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne fainal ɗin, ƙwaƙwalwa ba ƙwauri ba ce da za a ɗaure da kyalle. Ban ma so in shiga zancen masu cacar ƙwallo da yanzu har wasan unguwa suke zuba wa kuɗi, da tiramol ɗin da ya zama kamar alawa a aljihun yara, wannan sai wata rana.

Ba daga sama nake magana ba, ni ma na yi wannan wautar. Na yi targaɗe a gwiwa, mai ɗori ya ce in zauna, na yi kwana goma na ce na gaji da benci, yau in sanyin Disamba ya sauko garin nan sai na dafa bango nake tashi daga sujada. Garin neman gira na rasa ido. Amma ko a lokacin laifina ne, don manyanmu na da ba sa wasa, in kana ɗingishi kyaftin zai ƙwace but ɗinka ya kai gidansa, kuma ba ka isa ka ɗaga ido ka kalle shi ba. Garin nan da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da irin wannan tarbiyyar aka san shi. Yanzu fa? Ka yi wa yaro magana ya ce kana masa baƙin ciki, burinsa kawai a ɗauke shi bidiyo a sa a TikTok. Kanu Nwankwo da aka gano masa ciwon zuciya a 1996 ya haƙura aka yi masa aiki a Amurka, ya zauna har sai da likitoci suka sallame shi a 1997, bayan nan ne ya je Arsenal ya ɗau kofuna. Sauri dai ya haifi nawa, ku zauna ku warke don Allah, ku nemi wanda ya san aikin ya duba ku.

Yau da safe na leƙa gidansu yaron. Yana kwance a tabarma ƙafar na kan filo ta yi biyun ɗayar, mamansa na zaune gefe da takardar asibiti a hannu ta ninke ta ta sake ninkewa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce Yaya ance mun ci ko? Na ce kun ci. Ya ɗan yi shiru, sai ya ce fainal sai Lahadi ta sama, kana ganin zuwa lokacin ba zan iya takawa ba?