Jaki, Siminti, Jirgi

Ni tela ne, shagona yana wajen Wunti a cikin garin Bauchi, kuma shekara goma sha bakwai ina taka keke ban taɓa yarda da kuɗin da ba a yi masa gumi ba. Lokacin da MMM ta kife da mutane a ƙarshen 2016 har wa'azi na riƙa yi wa maƙwabta, sai ka ce ni aka bai wa limancin layin. To a watan Mayun 2024 sai Notcoin, wani wasan kirifto na danna waya a Telegram, ta fashe, wato ta fara biyan kuɗi. Yaron shagona, wanda ko maɓalli bai iya sawa ya zauna daidai ba, ya shigo da sabon takalmi da ledar tsire, ya ajiye mini a kan keke ya ce, "Oga, a sa albarka." Na ce daga ina? Ya ce danna waya ya yi. Na ci tsiren, ban yi wa'azi ba. Da daddare, da na tabbatar uwargida ta yi barci, na sauke Telegram.

Kafin in shiga wancan ya riga ya wuce, sai na faɗa wanda ake yayi, wasan nan mai hoton ɓera. Ba sai na kama sunansa ba. Wanda ya yi ya san shi, wanda bai yi ba kuma Allah ya rufa masa asiri. Aikin dai shi ne ka yi ta dannan cikin ɓeran lambobi suna hawa, kullum ka nemo katuna uku na kombo, ka kalli bidiyo, ka gayyato mutane. Na yi rajista da layin uwargida, na yi da na ƙanina, na yi da na Hajiyarmu wadda ita wayarta ko hoto ba ta ɗauka. Da ta tambayi lambar da aka turo mata ta mece ce, na ce mata ta tallafi ce. A lokacin ban ɗauka ƙarya na yi ba.

Matsalar ita ce abin ya haɗu da ɗinkin babbar sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni. Hannun dama a kan yadi, na hagu a kan ɓera. Akwai wani Alhaji da na daɗe ina yi wa ɗinki, mutumin kirki ne, amma idan ya zo awo bayan La'asar, kiran Magariba ne ke raba mu, don daga farashin taki zai kai ka Hajjinsa na fari ba tare da ya haɗiyi yawu ba. Shaddarsa ce na ɗinka wa aljihu biyu a ɓari ɗaya. Ya zo karɓa ana gobe sallah, ya yi ta lalube a hagu bai samu inda zai sa hannu ba. Bayanin da ya yi mini a kan amana ya kai awa biyu, ni kuwa waya na cikin aljihu, kuzarin ɓera ya cika yana zubewa a banza.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo hutu ya same ni a wannan hali. Ya ce, "Kawu, wannan fa ba shi ne mainin ba." Ya ce haƙar gaske irin ta Bitcoin, manyan na'urori ne ke kwana suna lissafi suna shan wuta kamar injin niƙa, kusan duk minti goma ɗaya daga cikinsu ta yi nasara a ba ta lada, kuma ladar ma a watan Afrilun nan aka rage ta daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, sannan gaba ɗaya Bitcoin ɗin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Namu kuwa talla ce muke kallo, ana tara mu kamar kaji, daga baya a watsa mana tsaba. Na ce masa a garin da dutsen guga ma sai da gawayi muke yi, ina ni ina na'urar da ke kwana tana shan wuta? Ya bar ni da ɓerana.

Amma abu ɗaya ya yi da na ga hankali a cikinsa. Ina da 'yan kuɗin da nake tarawa don sayen keken aikin wuyan riga, kuma kullum na je tambaya sai in tarar kuɗin keken ya ƙara gaba, don dala ta haura naira 1,500. Ya ce a mayar da su USDT, wadda aka ɗaure darajarta da dala. Binance, babbar manhajar cinikin kirifto, ta riga ta daina hulɗa da naira tun watan Maris, don haka a wata manhajar muka saya ta hanyar P2P, wato ciniki tsakanin mutum da mutum. Ya nuna mini yadda manhajar ke riƙe kayan mai sayarwa har sai an biya, ya kuma ja mini kunne cewa ranar da zan sayar kada in saki komai don na ga alat, sai na buɗe asusun banki na ga kuɗin da idona. Muka samu dala ɗari biyu cif. Ya buɗe mini walat, wato asusun ajiyar kirifto, a wayata, ta fito da kalmomin Turanci goma sha biyu. Ya ce, "Kawu, waɗannan su ne kuɗin. Ba wayar ba, ba ni ba. Ka rubuta ka ɓoye, ko ni na tambaye ka kada ka ba ni."

A nan ne basirata ta motsa. Na ce idan ɓarawo ya tsinci takarda da Turanci goma sha biyu a jere ai ya gane. Sai na sa yaron nan ya riƙa faɗa mini ma'anar kowace kalma, wai ina son ƙaruwa, ni kuma a ɓoye ina rubuta ma'anar a bayan littafin awo, ƙarƙashin awon wandon wani ɗan sanda. Shi yana ganin Turancin nake kwafa. Ranar na kwanta ina jin ko a Abuja ba a kai ni tsaro ba.

Daga nan sai jiran fashewa. A teburin mai shayinmu kullum da dare lissafi ake yi. Shi mai shayin tun 2020 yake danna walƙiyar Pi, wani kirifton na waya, duk awa ashirin da huɗu, yana jiran ranar da kowace ɗaya za ta kai dala 314,159, har ya rage zafin bin bashi don yana ganin ya wuce wurin. Shi ya buga mini lissafin nawa a kalkuleta, lambobin suka ƙi shiga allo. Na yi wa uwargida alkawarin firiza, na yi wa Hajiya na Umara. Tsakani da Allah, masu wasan ba su taɓa faɗa mana farashi ba. Mu muka yanka wa kanmu, muka kuma yi wa juna shaida.

Ranar Alhamis 26 ga Satumba na rufe shago tun kafin Azahar, na sa sabuwar hula. Da abin ya fito na ƙirga sifilai sau uku, ashe a gaban lambar suke, ba a bayanta ba. Wata huɗu na danne-danne da layuka huɗu, abin da ya tashi ya saya mana masa da miya ni da yaron shago, ya biya achaba zuwa gida. Zuwa kawai. Layinmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa, mai shayi ne kaɗai ke cewa shi dama tasa daban ce. A daren nan kuma wayata, da ta sha caji da danna har batirinta ya kumbura ya ɗaga gilashi kamar burodi, ta ɗauke ba ta sake dawowa ba. Da dalolina ɗari biyu a ciki.

Ɗan yayata ya koma makaranta, kuma kunya ta hana ni kiransa. Sai na ari wayar uwargida, na shiga wani zauren 'yan kirifto a Telegram, na rubuta a bainar jama'a cewa wayata ta mutu, yaya zan dawo da walat ɗina? Ko minti biyar ba a yi ba mutum huɗu suka biyo ni ta bayan fage, kowanne ya ce shi ne ma'aikacin taimakon kwastomomi. Na zaɓi wata Baturiya mai murmushi da abin magana a kunne, don ta fi kama da ma'aikata. Ta jajanta mini sosai, abin da ko mai shayi bai yi ba. Ta ce abu ne mai sauƙi, in turo kalmomi goma sha biyun nan ta daidaita mini asusun. Maganar ɗan yayata ta faɗo mini a rai, sai na ce ai shi cewa ya yi kada in ba shi, bai ce kada in bai wa Baturiya ba.

Na jawo littafin awo na tura mata: jaki, siminti, jirgi, lemo, wuta, benci, gida, reza, kabeji, akuya, Alhaji, fensir.

Ta yi shiru na kusan rabin awa. Sannan ta ce in duba da kyau. Na duba na ce haka suke. Ta ce wane yare ne wannan? Na ce Hausa. Da alama ta kai wa na'urar fassara, don washegari da asuba ta dawo da tambayoyi kamar mai binciken kotu. Jirgin nan na ruwa ne, na ƙasa ne? Lemon na zaƙi ne ko na tsami? Wutar ta girki ce, ta fitila, ko ta lantarki? Wallahi da zuciya ɗaya nake ƙoƙarin tunawa don in taimaka mata, abin ya ƙi. Na ce mata mu dai a nan wuta wuta ce. A kwana na uku Turancinta ya fara sauya kama, ya koma irin na 'yan kamasho a tasha. Can da dare sai ga kira. Na ɗauka da ladabi, sai na ji muryar ƙato, janareta na ruri a bayansa, yana tambayata cikin fushi wane ne Alhaji. A nan ne jikina ya yi sanyi. Uwargida da ke kwance tana ji ta ce, "Baban yara, Baturiyar taka mura take yi ne?"

Da safe na kira ɗan yayata na faɗa masa komai. Ya yi salati ya kai sau uku, ya shigo mota a ranar. Ya ce da a ce Turancin na tura, da kafin in ajiye wayar an share kuɗin, kuma babu ofishin da za a je, babu manajan da za a roƙa, abin da ya fita ya fita. Ya ce walat irin wannan ba ta da ma'aikacin da zai fara yi maka magana, balle ya nemi kalmominka. Sannan ya buɗe littafin awo, ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa. "Kawu, ina Turancin?" Na ce ai shi ne wannan, na juya shi ne don tsaro.

Ya nuna mini kuɗin a intanet ta adireshin walat ɗin, suna nan ɗari biyu ba a taɓa ba, muna kallo ba mu da ikon ɗauka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ya ce kalmomin daga wani jeri ne mai guda 2048, don haka jaki da akuya da kabeji ba su da matsala, jirgi da wuta da gida da lemo kuma sai an yi ta gwadawa. Amma Alhaji babu shi a jerin. Ya kuma ce idan ƙaton nan yana da haƙuri da kwamfuta zai iya riga mu, don haka tsere muke yi. Muka kwana biyu muna cusa wa Alhaji ma'ana. Muka gwada mai kuɗi, muka gwada dattijo, muka gwada tumbi. Yawanci walat ɗin ta ce jerin bai yi ba. Sau biyu ta buɗe, muka yi kabbara, sai ga ɗaki wayam babu ko sisi.

Rana ta uku bayan La'asar sai ga Alhajin da kansa ya kawo yadi, don duk da aljihun nan bai sauya tela ba. Ya zauna a benci ya fara. Daga tsadar man fetur ya shiga auren 'yarsa, daga nan ya gangara ambaliyar Maiduguri, ya dawo kan aljihu. Ɗan yayata na gefe da waya, idonsa ya yi ja don rashin barci. Da Alhaji ya fita alwala, yaron shagona ya sauke numfashi ya ce a hankali, "Kai, wannan bawan Allah sai ka ce aku."

Na miƙe tsaye har almakashi ya faɗi. Aku! Ranar da ake faɗa mini ma'anoni, da aka zo kan aku dariya ta kama ni, na rubuta Alhaji. Ɗan yayata bai ce uffan ba, ya sa kalmar, ya ci gaba da jujjuya jirgi da wuta da lemo. Kafin a idar da sallar Isha'i ta buɗe, ga ɗari biyu suna kallonmu. Nan take ya buɗe sabuwar walat ya kwashe su, ya tsaya a kaina na kwafi sababbin kalmomin harafi bayan harafi da Turancinsu. Alhaji ya dawo ɗaukar hularsa ya tarar ina ta murna, na rungume shi na ce ɗinkin wannan karon kyauta ne. Har yau bai san dalili ba, yana dai faɗa wa mutane cewa nasihar da ya yi mini a kan amana ce ta ratsa ni.

Takardar tana hannun uwargida yanzu, a inda ban sani ba, kuma ta ce maganar keken aiki sai bayan firiza. Shi kuwa ƙaton ban toshe shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ma ya turo mini gaisuwar Juma'a, har yanzu da hoton Baturiyar, ya ce ko na tuna wane irin jirgi ne.

Na ruwa ne. Ban dai faɗa masa ba tukuna.