Malam, ba ChatGPT ne ya lalata furojet ba

Kwanan nan duk inda ka zauna da malaman manyan makarantu a Kano zancen daya ne, wai dalibai sun lalace, kowa ChatGPT, manhajar nan ta AI (kirkirarriyar basira) mai rubuta duk abin da aka tambaye ta, yake sawa ya rubuta masa furojet, don haka a hana kawai. Gaskiya maganar ta fara isata. Mu fa ba baki ba ne a garin nan. ChatGPT sai Nuwamban 2022 ya fito, amma tun kafin nan da shekaru yaro zai shiga shagon buga takardu na bakin get ya biya, a zaro masa aikin wani a canza suna da shekara, malam ya sa hannu ko budewa bai yi ba. Sai yanzu da waya ta karya farashin sana'ar aka tuna da mutuncin ilimi?

Ni abin da ke damuna shi ne me muke gwada dalibi a kai. Shekara hudu, in ma yajin aiki ya bari, don a 2022 wata takwas aka yi a gida, ana mika masa handawut ya haddace, ya zo ya amayar a takarda, ya fita ya manta. To ai wannan shi ne aikin da AI ya fi kowa iyawa, kuma ba ya neman albashi. Bankin da zai dauki yaron nan gobe, ko kamfani a Sharada ko Bompai, ya riga ya samu mai rubuta wasika da hada rahoto cikin sakan goma. Wanda ake nema shi ne mai duba abin da injin ya fitar ya ce a'a, lissafin nan bai hau ba, wannan dokar babu ita. Don abin nan yana shirga karya ba kunya, ya kirkiro maka littafin da ba a taba rubutawa ba har da sunan marubuci, kuma wanda bai san fanninsa ba hadiyewa zai yi.

Masu shirya bitar kwana daya kan AI a otal a raba satifiket, wannan neman alawus ne. Shirin 3MTT na koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani da ministan sadarwa Bosun Tijani ya kaddamar a 2023 ba laifi, amma bai shiga aji ya taba yadda ake jarrabawa ba.

A bar yaro ya yi amfani da ChatGPT a fili, sannan a tsayar da shi gaban allo minti goma ya kare abin da ya kawo da bakinsa, ba waya a hannu. Na san za a ce aji ya cika makil, wa zai saurare su duka? To a dauki karin malamai mana, ga masu digiri na biyu nan zaune a majalisar unguwa tun safe.